Ba a Kiran Inna Sau Biyu

Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai Inna ta riga mu tafiya. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya, a ƙauyenmu da ke gefen Makoda. A wajenmu gona daga jikin katangar gida take farawa, saboda haka ba a neman mai shela. Wannan ya ɗaga murya ya gaya wa na gonar kusa, shi ma ya miƙa gaba. Kafin a gama haɗa ruwan wanka maza sun bar gero a kwance, sun taho da ƙaiƙayi a wuyansu.

Wadda ta fara sani daga waje wata Bafulatana ce mai kawo mana nono daga rugar bayan gari. Ta iso muna cikin ɗaki, ba wanda ya iya buɗe baki tukuna. Muka ji ta daga zaure tana cewa, "Inna!" Ta ɗan saurara, ta sake cewa, "Inna!" Sai muka ji ta dire ƙwarya a ƙasa, ta ce, "Ta rasu ke nan. Ba a kiran Inna sau biyu." Ba wanda ya gaya mata. Ta zauna a dandariyar ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, nonon kuma a nan ya wuni.

Baffa, ƙanen mahaifina, bai yi hawaye a maƙabarta ba, da shi ma aka shiga aka gyara mata kwanciya. Sai da muka dawo ya leƙa cikin gida zai yi alwala, ya tarar wata akuya ta ɗora ƙafa a kan 'yar kujerar Inna a gindin darbejiya. Ya bi akuyar nan da buta yana faɗa kamar ta ci masa amana, sannan ya dawo ya ɗauki kujerar ya rungume, aka rasa mai ba shi haƙuri. Gwaggo, yayarsa da ke aure a Shanono, tun kafin azahar muryarta ta dushe. Tsohuwar maƙwabciyarmu kuwa, wadda katanga ɗaya ta raba ɗakinta da na Inna, ƙin shigowa ta ƙofa ta yi. Ta tsaya a bayan katangar, daidai inda suka saba hira, tana ta maimaitawa, "To yau wa zan kira?"

Maganar Bafulatanar nan ita ta cika zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya faɗe ta, kuma gaskiya ce. Kafin ka rufe baki Inna ta ce "Na'am." Ko tana bakin murhu, ko tana banɗaki, ko barci ya fara ɗaukarta, za ta amsa. In tana salla ta yi gyaran murya don ka san an ji ka. Ni dai ina zaune ina amsa "amin", amma na san mutum ɗaya da ya kira ta har sau uku. Na kuma san halin zaman makoki: kafin sadakar bakwai an koma zancen wake da ɓarnar tsuntsu, kafin ta arba'in sai dai a ce "marigayiya" a wuce. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don raina bai yarda a wuce ta haka ba.

Ni jikanta ne, ɗan ɗanta na fari. Sanƙarau ya ɗauke mahaifina a wata bazara ina goye. Mahaifiyata ta yi wani auren, ita ma ta rasu tun ban yi wayo ba. Inna ce ta yaye ni, ta yanka mini kaza ranar kaciyata, ta raka ni makaranta tana riƙe da kunnena. Ban san kamannin mahaifina ba, don bai taɓa ɗaukar hoto ba. Inna kuwa, wadda ta fi kowa saninsa, ba a jin labarinsa a bakinta, saboda irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Gwaggo ta ce tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa a ɗakin da ke kallon nata, Inna ba ta ƙara ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ba ta faɗar sunansa, ba ta zama inda yake. In ya kira ta, sai ta dubi Gwaggo ta ce, "Je ki ji abin da ake so." Ranar da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Mata suna ta kuka, ita tana tankaɗe garin tuwon baƙi.

Ni kuwa duk abin da ta hana shi ta juye mini. "Maigidana marar cefane" take ce mini, ni kuma in ce mata amaryar da ba haƙori. In na zo daga Bici, inda nake aiki a ɗakin karatu na wata makaranta, tun daga ƙarar babur take ganewa. Kafin in cire takalmi ta turo mini ƙuli-ƙuli a murfin kwano, tana cewa, "Ci, na ga matar birnin nan ba ta iya kiwo ba." Alhali Bici ce birnin, matar kuma ita ta zaɓa mini ita.

Alherinta ba mai tallar kansa ba ne. Sai a zaman makokin nan maƙwabciyarmu ta ba da wani labari da ko Gwaggo ba ta sani ba. Ta ce an kawo ta gidan miji daga nesa, marainiya, ba ta iya tuƙa tuwo ba, kullum ya yi gudaji, dangin miji suna ta yi mata dariya. Inna ta ji ta tana kuka ta bayan katanga. Daga ranar, duk ran girkinta Inna ke tuƙa tuwon a nata murhun, ta miƙa mata ta wata kafa da awaki suka fasa, ita kuma ta kwashe a kwanukanta. Da rana kuma ta kira ta wai ta taya ta tsefe kai, ta koya mata a ɓoye. "Har mijina ya koma ga Allah yana yabon tuwona na amarci," in ji ta, "bai san na Inna ya ci ba."

Maganar kaset-kaset ta taso ne shekarar da gara ta cinye azarar ɗakinta, muka fito da kayanta tsakar gida. A ƙarƙashin jeren kwanukanta akwai wata babbar kwalla mai nauyi. Na buɗe, na ga kaset cike, an lulluɓe su da tsohon ɗankwali. Inna ta hango ni, ta ce, "Kayan mutane ne, a mayar." Daga baya Baffa ya ja ni gefe ya ce na mahaifina ne. Wai wata shekara ya dawo daga ci-rani da rikoda, shi da amininsa, suka addabi gari da ɗaukar magana. Gayya, suna, hirar dandali, kiɗan ƙwarya, har cinikin jaki sun ɗauka. Da ya rasu rikodar ta bi hannun mutane ta lalace, kaset ɗin kuma ba a san inda suka shiga ba. Ashe a kansu take kwana.

Na girma, na yi aure, na haifu, ban taɓa sa rai da wani abu na mahaifina ba, sai ga muryarsa a cikin kwalla. Abin da nake so ɗaya ne: in ji ta, in san ita ce.

A wurin aiki an koya mana yin fihirisar kayan tarihi, wato jagorar da za ta gaya wa mai nema abin da ke cikin kowane akwati da inda zai same shi, ba sai ya zazzage komai ba. Da manhajojin kyauta muke yi, irin waɗanda kowa zai iya saukewa a kwamfuta ko waya. Na lallaɓa Inna da wannan.

Na ce, "Kin ga yadda kike sanin tukunyar daddawa da ta kuka ba sai kin buɗe ba? Haka zan yi wa kaset ɗin nan."

Ta ce, "Yo ni da na san tukwanena, wa za ka yi wa wahalar?"

"Wanda zai zo bayanki."

"Ja'iri! Har ka fara ƙirga mini kwana? To ni zan yi maka takaba, ka ji in gaya maka." Can ta ce, "Ɗauki. Amma a gidan nan za a ji su, ba a Bici ba."

Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Bici ya tayar mini da wata tsohuwar rikoda, ya yanka mata bel daga robar tayar keke. Na haɗa ta da kwamfuta da 'yar igiya. Manhajar sauti tana kwafe muryar, tana zana ta a fuskar kwamfuta kamar haƙoran zarto, in ka taɓa wuri ta kai ka can nan take. Kowane kaset na ba shi lamba bisa yadda na same shi a kwallar, ban sauya musu jeri ba. Sannan na buɗe jadawali mai gidaje: lambar kaset, wace fuska, wane minti, me ake yi, wa ke magana, sai gidan ƙarin bayani a ƙarshe. Wasu kaset ɗin zafi ya manne su, wasu sai na juya su da biro a hankali kafin su yarda. Gidan "wa ke magana" shi ne wanda kwamfuta ba ta iya cikewa.

Haka muka shiga zaman Asabar bayan la'asar a gindin darbejiya, ni da kwamfuta a cinya, ita da farantin gyaɗa tana ɓarewa. Wallahi ban taɓa ganin Inna cikin nishaɗi irin na lokacin ba. Murya za ta fito cikin shuuu ɗin kaset, kafin ta kai ƙarshen magana ta cafe. "Wannan ɗan gidan maƙera ne, wanda jaki ya harba a baki, ji yadda yake tauna harshe." "Wannan ungozoma ce, Allah ya jiƙanta, ita ta yanke maka cibi." In na tambayi shekara sai ta ce, "Shekarar da rijiyar masallaci ta rufta," ni kuma in rubuta hakan, daga baya in bi dattawa mu lissafa. Wani lokaci dariya ta ci ƙarfinta har gyaɗa ta zube, wani lokaci ta ce, "Duk waɗannan ba ko ɗaya a raye," ta ci gaba da ɓara.

Tana da dokokinta. Akwai inda aka ɗauki wata mata tana zazzaga wa mijinta rashin mutunci a bakin rijiya. Ni dariya nake yi, Inna ta ɗaure fuska ta ce, "Jikokinta suna nan suna cin tuwo da mu. Rufe wannan." Dole na buɗe sabon gida a jadawalin, na abin da ba a ji sai da izini. Doka ta biyu kuma, ta hana ni ɗaukar tata muryar. Na sha ɗora waya kusa da ita kamar na manta, sai ta tura ta da ƙafa ta ce, "Muryata ba ta shiga akwati." A duk kwallar nan ma babu inda ta yi magana.

Sai kuma wuraren da take cewa "Wuce." Muryoyi biyu ne na samari da ke dawowa kusan a kowane kaset. Ɗaya mai zaƙi ce, shi ke ba da waƙa a gayya, shi ke sa dandali dariya. Ɗayar ƙasa-ƙasa take, 'yar shaƙaƙƙiya, mai ita ba ya magana sai ya yi gyaran murya, kuma maganar ba ta wuce "matso da ita kusa" ko "ku yi shiru, an fara". Na sa musu suna a jadawali, mai waƙa da mai gyaran murya. Kowa ya yarda cewa su ne mahaifina da amininsa. Matsalar ita ce takwarori ne, sunansu ɗaya, abin da ya haɗa su abota ke nan, saboda haka ko an kira sunan a kaset ba ka san wanda ya amsa ba. Aminin ma ya daɗe da rasuwa a Kurmi. Inna kuma kunyar aminin ɗan fari take ji kamar ta ɗan farin, duk wanda ya buɗe baki a cikinsu sai ta ce in wuce.

Na kai ƙara wurin Baffa da Gwaggo ranar wani suna da ya haɗa mu. Baffa ya saurara ya ce, "Mai waƙar nan Yaya ne, ko a mafarki na san shi." Gwaggo ta ce, "Kai da kake yawo ba wando lokacin, me ka sani? Yaya bai taɓa waƙa ba, ɗayan ne." Baffa ya ce ai ita tana Shanono sa'ad da aka sayo rikodar. Magana ta yi tsawo har aka tono rabon wata akuya da ba ta shafi kowa ba, matan gida suka raba su. Sa'o'in mahaifina da suka rage kuwa, ɗaya ya kurumce, ɗayan duk wadda na kunna masa sai ya ce, "Shi ne, Allah ya jiƙansa." A raina mai waƙar nake so ya zama ubana. Wa zai ƙi?

Wata Asabar a farkon damina haƙurina ya ƙare. Mai waƙa yana tsakiyar waƙa ta ce in wuce, na tsayar da kaset ɗin na ce, "Inna, don Allah wanne ne shi? Ba sai kin faɗi suna ba. Ki ɗaga mini kai kawai."

Ta ajiye farantin a hankali. "Ni za ka titsiye a gidan mijina?"

"Ba titsiye ba ne, tambaya ce."

"Abin da na riƙe tun ba a san za a haife ka ba, shi zan zubar yau saboda akwatinka?"

Na ce, "Ke kin gan shi, kin ji shi. Ni ba ni da ko ɗaya."

Ta ce, "Kana da ni."

Na ce, "Ke ba ubana ba ce, Inna."

Ta miƙe, ta tattara kaset ɗin a haɓar zanenta, ta shige ɗaki ta saki labule. Har yau ban ga laifina a tambayar nan ba, kuma ban ga nata ba. Ni ina ganin al'adar da za ta hana maraya sanin muryar ubansa ta yi tsauri, ita kuma a wurinta wannan kunyar ita ce kaɗai hidimar da aka bar mata ta yi wa ɗanta, ta kuwa yi ta ba fashi. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, ba ƙuli-ƙuli ba tsokana. Amma ko a cikin fushin, in na yi sallama na ce "Inna," sai na ji "Na'am", a bushe dai kamar ƙanzo.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da Baffa ya zo Bici ya ce, "Tsohuwa ta ce a gaya wa maigidanta ya zo ya ƙarasa aikinsa, wai kada a ce ta kashe masa sana'a." Na je na tarar da kwallar a gindin darbejiya, ita kuma ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Ba wanda ya tayar da zancen baya. Kaset ɗaya ya rage, wanda zarensa ya tsinke tun farko na ware shi. Na buɗe shi, na haɗa bakin zaren da salatif, na kwafe.

A cikin gidanmu aka ɗauke shi, da rana. Ana jin kaji, ana jin turmi, daka ɗaya-ɗaya ta mace guda. Sai aka yi gyaran murya kusa da rikoda, aka ce, "Inna." Taɓarya ta tsaya. Aka sake cewa, "Inna." Shiru, sai wani zakara can nesa. Sannan a karo na uku, da 'yar dariya a ciki: "Inna, ki yi magana mana, ki ji muryarki." Shirun ya yi tsawo har na zaci kaset ne ya mutu. Can ya ce, "To," taɓarya ta ci gaba, aka kashe rikoda.

Na dubi Inna. Hannunta yana cikin faranti, gyaɗa ɗaya tsakanin yatsunta, ba ta fasa ta ba. Ta ce, "Wuce." Na ce ai ya ƙare. Ta ce, "To rufe." Na rubuta a jadawali: daka a turmi, mai gyaran murya yana kiran Inna. A gidan ƙarin bayani na sa: ba a amsa ba. Zuciyata ta ba ni cewa shi ne, amma da na kunna wa Baffa sai ya ce aminin ne, dama ya saba tsokanarta, kuma shi ma ai ba amsa masa take yi ba. Na koma inda nake. Na gama fihirisar, na zuba ta a waya tare da sautin, na tura wa dangi. Jikokin ungozoma suka ji kakarsu, 'yan gidan maƙera suka zo har gida godiya, kowa ya sami nasa ban da ni.

Ciwon ya kwantar da ita ana gab da girbi. Na ɗauki hutu na dawo gida. Wata safiya, kwana kaɗan kafin rasuwarta, rana ta ɗan ɗaga, Gwaggo tana yi mata fifita, sai ta ce, "Je ki dama mini kunu, mai tsami nake so." Gwaggo ta fita da murna, don rabon Inna da neman abinci an kwana biyu. Tana fita Inna ta ce, "Maigida, abin nan yana wayarka?"

Na ce yana nan.

"Na ƙarshen nan. Mai turmi."

Na sha jin mutane suna tambayar amfanin wannan aiki namu na jera lamba da minti. Ni a safiyar nan na ga amfaninsa. Numfashinta sama-sama yake, kunu kuma ba ya daɗewa a wuta. Da a kwalla zan nema ina juya zare da biro, da Gwaggo ta dawo ban samu ba. Na rubuta "turmi" a gidan nema, layin ya fito, na taɓa.

Ta ce, "Tsaya. Juya bayanka."

Na juya na fuskanci bango, na miƙa wayar ta baya na ajiye kusa da matashinta. Kaji suka fara, turmi ya fara. Aka yi gyaran murya. "Inna." Taɓarya ta tsaya. "Inna." Ina kallon wata tsaga a bango. "Inna, ki yi magana mana, ki ji muryarki."

A cikin dogon shirun nan na ji ta a bayana, da wata murya da ban san ta da ita ba, ta ce, "Na'am. Na'am, ga ni. Ai na ji ka tun kiran farko."

Kaset ya ce, "To." Taɓarya ta ci gaba.

Ban juyo ba, ba ta kuma ce in juyo ba. Kuka nake yi sosai, ina danne shi da haɓar riga. Can ta ce, kamar da bangon take magana, "Tun yana goye maƙogwaron nan ke damunsa. Na sha aika zuma ta hannun kakarsa, bai san daga ina take ba." Ta ja numfashi ta ce, "Kashe abinka, kada cajin ya ƙare." Gwaggo ta shigo da kunu, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ce ya yi tsami da yawa.

Sai bayan sadakar uku na gaya musu. Na zaci Gwaggo za ta ce ai ta faɗa, amma ko kallon Baffa ba ta yi ba. Baffa ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan muryar wani nake tunawa da Yaya." Ya karɓi wayar, ya ce in nuna masa sauran wuraren. Na rubuta "mai gyaran murya", layuka suka jeru daga kaset na farko har na ƙarshe. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Matso da ita kusa. Ku yi shiru, an fara. Batir ya yi sanyi. Iyakar abin da ubana ya bar mini ke nan, mutumin da ya yi ta riƙe wa wasu rikoda su yi magana. Ban ƙara jin haushin cewa ba shi ne mai waƙa ba. Na sa cikakken sunansa a duk wuraren, don 'ya'yana su sani, ni ba a ɗora mini kunyarsa ba.

Abin da ke ci mini rai yanzu shi ne ita. Na jera muryar mai cinikin jaki, na jera ta matar bakin rijiya, amma matar da ta fi kowa amsa kira a ƙauyen nan ba ni da ko "na'am" ɗinta guda. Ɗanta ya nema bai samu ba, ni ma na nema ban samu ba. Duk wanda ya kunna kaset na ƙarshe zai ji an kira ta sau uku, zai ji shiru, zai ɗauka iyakar labarin ke nan.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa marayu da baƙi. Allah ya jiƙan mahaifina da amininsa da duk waɗanda ke cikin kwallar nan. Ya haɗa ta da ɗanta a inda uwa ba ta kawar da kai. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun watse, na zauna a kan 'yar kujerarta a gindin darbejiya na buɗe jadawalin. Na gangara layin ƙarshe, gidan ƙarin bayani. Na goge "ba a amsa ba". Na rubuta: Ta amsa. Ni ne shaida.